Masu Rubuta Dokar Da Ke Tsayar Da Kai A Kan Iyaka

Wannan shi ne rubutaccen bayanin shirin da ya gabata. Mun ɗan gyara shi saboda wanda bai samu ya saurara ba, da wanda yake so a sake karanta masa a ruga ko a rumfar kasuwa.

Lokaci zuwa lokaci za ka ji a labarai an ce an tara wasu ma'aikatan gwamnati a Abuja, ko Yamai, ko Akara, ana koya musu yadda ake tsara daftarin doka. Mafi yawanmu idan aka zo nan sai mu murɗa rediyo mu nemi inda ake faɗin farashin hatsi. Ka ce ina ruwan mai shanu da taron 'yan boko a otal? To, da ruwanka kuwa. Takardar da ɗan kwastan ko ɗan duwan yake ɗaga maka a shinge, da wadda jandarma ke dogara da ita ya kora maka dabbobi gidan tsaro, da wadda alƙali zai buɗe ran da aka kai ka gabansa kan ɓarnar gona, kowacce akwai mutumin da ya zauna ya zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ba ka san shi ba, shi ma bai san ka ba, amma abin da ya rubuta yana iya cinye maka sa guda.

Da farko dai a gyara wata fahimta. Mutane suna zaton ɗan majalisa ne ke rubuta doka, tunda shi ake gani yana ɗaga hannu. A gaskiya kaɗan ne daga cikinsu ke rubutawa da kansu. Ɗan majalisa ko minista kamar mai yadi ne da ya je wurin tela ya ce ga irin rigar da nake so. Wanda zai auna, ya yanka, ya ɗinka, ma'aikaci ne, galibi lauya, a Ma'aikatar Shari'a ko a sashen shari'a na majalisa ko na ma'aikatar da abin ya shafa. Idan ya yanka ba daidai ba, kai ne za ka sa rigar.

A Najeriya, bayan an tsara ƙudurin sai a yi masa karatu na farko a majalisa, a yi na biyu inda ake muhawara, a miƙa wa kwamiti. Kwamitin kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya dawo da rahoto, a yi karatu na uku. Idan Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun amince da rubutu iri ɗaya, sai a kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A jiha haka abin yake, sai dai majalisar guda ce, kuma gwamna ke sa hannu. A Nijar kuwa ma'aikata ce ke shirya rubutun, Babbar Sakatariyar Gwamnati ta duba shi, a kai taron majalisar ministoci. Da can daga nan sai majalisar dokoki, amma tun juyin mulkin Yulin 2023 shugaban ƙasa ke sa hannu kai tsaye. Kowane ɓangare kuma yana da jaridar gwamnati inda ake buga dokar da ta kammala. Ka riƙe wannan jarida a ranka, za mu dawo kanta.

Salon rubutun ma iri biyu ne, kowa ya gaji na wanda ya yi masa mulkin mallaka. Ingila ta kafa ofishin ƙwararrun masu tsara doka tun 1869, kuma Najeriya da Gana suka ɗauki salonta: doka mai tsawo, mai ƙoƙarin faɗin komai a cikinta, da sashe guda na fassarar kalmomi. Salon Faransa, wanda Nijar da Benin da Cadi da Mali suka ɗauka, shi ne doka ta faɗi manyan ginshiƙai a taƙaice, ta bar sauran bayani ga ƙananan dokoki da shugaban ƙasa ko minista zai fitar daga baya. Kowanne da inda yake yoyo.

Ana kuma zuwa makaranta don wannan aiki, domin zama lauya kaɗai bai isa ba. A Abuja akwai cibiyar nazarin ayyukan majalisa da dimokuraɗiyya, NILDS, wadda doka ta kafa a 2011, tana horar da ma'aikatan majalisu, har tana ba da digiri na biyu a fannin tsara doka tare da Jami'ar Benin. Akwai cibiyar zurfafa nazarin shari'a, NIALS, wadda ta girme ta, tun 1979. A Akara, Makarantar Lauyoyi ta Gana ta daɗe tana karɓar lauyoyin gwamnati daga ƙasashen Afirka renon Ingila don irin wannan kwas, da tallafin ƙungiyar Kwamanwal. A Yamai manyan ma'aikata kan koyi rubutun mulki a makarantar ENA. Kada ka ɗauka kuskuren rubutu abu ne na ƙananan ma'aikata kawai. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar wa majalisa da ƙudurin gyaran dokar zaɓe, kuma cikin dalilan da ya bayar har da kurakuran rubutu, inda wani sashe ke nuni ga wani sashen da bai dace ba. Idan haka ta faru da dokar da 'yan siyasa suka fi damuwa da ita a duniya, yaya kake gani da dokar burtali?

To me ake koya musu?

Abu na farko ba rubutu ba ne ma, tambaya ce. Mece ce matsalar da ake son magancewa? Wa za ta shafa? Akwai wata doka da ta riga ta yi magana a kai? Wa zai aiwatar, kuma yana da ma'aikata da kuɗin yin hakan? Sai an amsa waɗannan sannan a ɗauki alƙalami. Daga nan a shiga kalmomi, kuma a nan ne maganar ta fi shafar ka.

Ɗauki bambancin "dole" da "yana iya". Idan doka ta ce dole jami'in dabbobi ya ba makiyayi takardar shaida da zarar ya cika sharuɗɗa, to haƙƙinka ne, idan ya hana ka kana da inda za ka kai ƙara. Idan kuwa ta ce yana iya ba ka, an bar abin a hannunsa, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya idan aka bar abu a hannun mutum guda a ofishin da ba mai leƙawa. A Turancin Ingilishi kalma guda ce ta raba waɗannan biyun. A Faransanci kuwa akwai wata ƙa'ida da ta kamata mutanen Nijar su sani: idan doka ta ce "prefe yana ba da takarda", haka kawai ba tare da kalmar dole ba, ma'anarta dole ne. Ba labari take ba ka ba, umarni take ba shi.

Sai fassarar kalmomi. Ka ji an ce "dabbobi", kai a ranka shanu. Dokar hana kiwon sake ta jihar Binuwai, wadda Gwamna Samuel Ortom ya sa wa hannu a watan Mayun 2017, da ta tashi fassara wannan kalma ba ta tsaya kan shanu ba, ta haɗa da awaki da tumaki da aladu. Wato a rubuce, tsohuwar da ta saki akuyarta a bayan gida ita ma ta shiga. Dokar ta kuma hana kora dabbobi da ƙafa daga wani wuri zuwa wani a cikin jihar, sai a mota ko jirgin ƙasa. Ka ga wannan jimla ba makiyayi kaɗai ta kama ba, ta kama ɗan tireda da ya sayi shanu uku a kasuwa zai kai su mahauta. Hukuncin kiwon sake kuwa ɗaurin shekara biyar, ko tarar naira miliyan ɗaya, ko duka biyun. Ka lura da wannan "ko". Da "da" aka rubuta a wurin, alƙali ba shi da zaɓi, sai ya haɗa maka duka.

Ba muna maganar ko dokar Binuwai ta dace ko ba ta dace ba. An zubar da jini mai yawa a jihar, na manoma da na makiyaya, kuma majalisar jiha tana da ikon yin doka kan filayenta. Abin da muke dubawa shi ne yadda aka ɗinka ta. An sa mata hannu a Mayu, ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2017. Wata biyar da 'yan kwanaki kenan aka ba mutumin da kakanninsa ba su taɓa kafa shinge ba ya nemi fili, ya samu yardar mai filin da ta hukuma, ya killace, ya samo ruwa da abincin dabbobi. Izinin gidan kiwon da dokar ta tanada kuma na shekara guda ne, sai an sabunta. Wa zai haƙa rijiyar burtsatse a filin da bai da tabbacin zai kai baɗi a cikinsa? Wane banki zai ba shi rance? A ajin tsara doka wannan shi ake kira tanadin riƙon ƙwarya, wato abin da za a yi da mutanen da sabuwar doka ta tarar a tsakiyar hanya. Shi ne sashen da aka fi yin sakaci da shi, domin yana can ƙarshen takarda, lokacin kowa ya gaji.

Yanzu dubi inda kalma guda ta yi aiki mai kyau. Dokar karkara ta Nijar, ta ranar 2 ga Maris 1993, ta amince cewa makiyayi yana da yankin da ya saba zama, inda rijiyarsa take, inda yake komawa bayan ya dawo daga mashekari. Masu rubutun sun fuskanci tambaya mai wuya: wane irin haƙƙi za a ba shi a wurin? Idan aka ce mallakarsa ce shi kaɗai, kowa zai killace nasa, tafiya ta mutu, kuma shekarar da ruwa bai sauka a yankinka ba dabbobinka sun mutu kenan. Idan aka ce na kowa ne, wanda ya sha wahalar haƙa rijiya bai da wani fifiko a kan baƙo mai garke dubu. Sai suka zaɓi kalmar fifiko. Kai ne na gaba wajen amfani, amma ba ka da ikon hana wani ya shayar ko ya wuce bisa al'ada. Duk wanda ya san daji ya san haka abin yake tun kaka da kakanni: mai rijiya ya fara shayarwa, baƙo ya nemi izini, a ba shi kwanakinsa, domin wata shekarar kai ne baƙon. Wanda ya rubuta wannan sashe ya saurari makiyaya kafin ya rubuta.

Haka nan dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010, wadda ta fito a lokacin riƙon ƙwaryar Salu Djibo bayan an shafe shekaru kusan goma ana tattaunawa da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN. Ta faɗa ƙarara cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na asali na makiyayi, kuma gwamnati da ƙananan hukumomi ne ke da nauyin kare shi. Ta hana wani ya mayar da filin kiwo mallakar kansa. Ta kuma tabbatar da tsohon layin nan na dokar 1961 da ya raba ƙasar noma da ƙasar kiwo, wanda a yankin Dakoro yake bin kwarin Tarka. A arewa da layin, bisa wannan doka, wanda ya yi gona dabba ta shiga ba shi da diyya.

Sai dai duk wanda ya bi ta Tarka ya san gonaki sun daɗe da haye layin. Nan ne salon Faransa ke yoyo. Dokar 2010 ta bar abubuwa da yawa ga ƙananan dokokin aiwatarwa, kuma sai a farkon 2013 aka fara ganin wasu daga cikinsu, irin wadda ta tsara kwamitocin sulhu tsakanin manoma da makiyaya da wadda ta tsara ƙidayar filayen kiwo. A Mali abin ya fi haka: dokar kiwonsu ta fito a 2001, ƙaramar dokar aiwatar da ita sai 2006. A tsawon waɗannan shekaru haƙƙinka yana nan a takarda, amma jami'in da ka je wurinsa zai ce maka bai samu umarni ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Shi ya sa masu koyarwa ke nanata wa ɗalibansu cewa a shirya ƙananan dokokin tare da uwar dokar, ko a rubuta wa'adin fitar da su a cikinta. A Najeriya ma akwai makamancin wannan. Dokar burtali da makiyaya ta tsohuwar Jihar Arewa ta fito a 1965, an ware wurare ɗaruruwa, amma da yawa ba a kai ga buga su a jaridar gwamnati ba. Makiyayar da ba a buga ba kuwa, ran da mai kuɗi ya zo da takardar mallaka, ba ka da abin da za ka nuna wa kotu sai bakin dattawa.

'Yan kasuwa, ga naku misalin, kuma na san ba ku manta ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu. A Nuwamban shekarar hukumar kwastan ta fitar da umarni cewa kada a sauke man fetur a kowane gidan mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manufar a fili take, a hana fasa-ƙwaurin mai. Amma Illela tana cikin kilomita 20. Jibiya ma haka, Maigatari haka, Kamba haka. Asibitocin garuruwan nan da injin suke aiki, masu niƙa da mai suke niƙa, manoman rani da injin ban-ruwa suke ban-ruwa, turakun wayar salula da gas suke tafiya. Jimla guda, ba togiya ko ɗaya. Mai ya yi tsada a garuruwan, 'yan bumburutu suka samu kasuwa, aka yi ta kuka har majalisa ta sa baki, daga baya aka ɗaga wa wasu gidajen mai ƙafa. Wannan ba dokar majalisa ba ce, takardar ofis ce, kuma shi ya sa horon bai kamata ya tsaya kan lauyoyin majalisa ba. Yawancin abin da ke tsayar da kai a hanya irin waɗannan takardu ne, na kwastan, na duwan, na gwamna, na prefe, na shugaban ƙaramar hukuma. Darasin da ake koyarwa a makon farko shi ne ka ɗauki jimlarka ka gwada ta a kan mutum biyar daban-daban, ka ga wa ta kama wanda ba ka nufa ba.

Akwai kuma matsalar doka ta ci karo da 'yar'uwarta, kuma mutumin iyaka ya fi kowa sanin wannan, domin ƙafarsa ɗaya tana ƙarƙashin wata doka, ɗayar tana ƙarƙashin wata. A watan Oktoban 1998 shugabannin ECOWAS, wato CEDEAO, suka zartar a Abuja da matsaya kan tsallaka iyaka da dabbobi. Rubutun a bayyane yake, kuma yana da kyau ka san shi. Garke zai tsallaka da takardar shaida ta ƙasa da ƙasa, wadda ke nuna yawan dabbobi da irinsu, rigakafin da aka yi musu, hanyar da za a bi, da inda za a sauka. Da rana ake tsallakawa. Kowane kai 50 a samu makiyayi guda, kuma ko yaya garken yake kada masu rakiya su gaza biyu, kowanne ya kai shekara 18. Ƙasar da za ta karɓi baƙi ita ke sa lokacin shiga da na fita, ta sanar da sauran.

Ka ga amfanin lamba a doka. Hamsin hamsin ce, ba mai ce maka arba'in ce a shinge. Da cewa aka yi "isassun makiyaya", da kowane jami'i ya yanka maka nasa adadin. Amma ka duba shekara 18 ɗin nan. Wanda ya rubuta ta yana tunanin wanda za a iya kamawa da alhaki a kotu, kuma yana da hujja. Sai dai a ruga nawa ne ɗan shekara 15 bai bin shanu? Wato a rana guda an mayar da iyalai da yawa masu saɓa ƙa'ida, aka kuma ba mai neman na goro ƙofa.

Babbar tambayar ita ce, idan ECOWAS ta ce ka wuce, Binuwai ta ce ba a kora dabba da ƙafa, wa za ka bi? Sashe na 12 na tsarin mulkin Najeriya ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, ga kuma dokar filaye ta 1978 da ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A ƙasashen renon Faransa al'adar ita ce yarjejeniyar da aka amince da ita aka buga tana sama da dokar cikin gida, amma hakan bai hana Benin dakatar da shigar garkunan waje a ƙarshen 2019 ba, har sai da Nijar ta je aka zauna aka samu sassauci na ɗan lokaci. Mai tsara doka da ya san aikinsa, kafin ya rubuta layi guda zai jero duk dokokin da ke sama da tasa da waɗanda ke gefenta, ya faɗa a fili wacce ta soke, wacce ta bari. Idan bai yi ba, kai ne za ka je shinge da takarda mai hatimi a ce maka ba ta aiki a nan.

Haka abin yake ga kaya. Tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa buƙatar takardar shaidar asalin kaya, ko da yake takardar lafiyar dabba ko ta tsiro tana nan daram. Mai albasa ko mai tumaki nawa ne ya san haka?

Wannan magana ta ƙara nauyi a yanzu. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga ba biza, a ci gaba da bi da kayansu bisa tsohon tsari, har sai an sanar da wani abu daban. Wannan "har sai" ita ce igiyar da kasuwar Konni da Illela, da ta Maraɗi da Jibiya, ke rataye a kanta. Ko ba jima ko ba daɗe za a rubuta sababbin yarjejeniyoyi, ko tsakanin ƙungiyoyin biyu, ko ta hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da ke Yamai tun 1971, ko tsakanin jiha da jiha kamar yadda Katsina da Maraɗi suka yi kan tafiyar dabbobi a 2017. A gefe guda Najeriya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, sabuwar ma'aikata kuwa sababbin takardu take haifarwa. A shekarar ne kuma wani ƙuduri kan gidajen kiwo ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, aka yi ta cacar baki a kan maganar kafa wa makiyaya gidajen kiwo a jihohinsu na asali, alhali sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so. Bafulatanin da aka haifi kakansa a Filato, aka haife shi a Nasarawa, yake rani a Kwara, wace ce jiharsa ta asali? Kalmomi uku ne, amma rayuwar dubban iyalai na cikinsu.

A nan zan faɗi ra'ayina. Horon nan yana da kyau, a ƙara shi, a kai shi jihohi da ƙananan hukumomi, kada ya tsaya a manyan birane. Amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Mai tsara doka ba shi ke yanke shawara ba. Idan gwamna ya ce a hana, hanawa zai rubuta, iyakarsa ya ce ranka ya daɗe, wannan sashe zai ci karo da tsarin mulki, wancan kuma ba zai aiwatu ba. Kuma doka komai kyanta ba ta hana hannu miƙuwa a shinge, sai dai ta rage masa wurin fakewa. Abin da na fi ganin ya yi ƙaranci shi ne sanin wurin. Lauyan da zai rubuta dokar burtali ya kamata a cikin kwas ɗinsa a kai shi ya kwana biyu a Maigatari ranar kasuwa, ya ga yadda ake ciniki ba rasit, ya bi garke daga mashaya zuwa makwana, ya tambayi ardo ko rugga ko garso me ya sa ake tashi da asuba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai harshe. Dokar Najeriya da Ingilishi ake rubuta ta, ta Nijar da Faransanci, wanda za ta hau kansa kuma Hausa yake ji ko Fulfulde ko Tamashek ko Barbarci. Sashe na 55 na tsarin mulkin Najeriya ya ce ana iya gudanar da aikin majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadi, tanadin kuwa har yau shiru. A Nijar kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Idan da gaske ake, za a buƙaci mutanen da suka iya tsara doka da Hausa, ba masu fassarar gaggawa ba, domin kalma kamar "fifiko" idan mai fassara ya mayar da ita "mallaka", ya kunna wuta a bakin rijiya.

Kai kuma da ke saurare, akwai abin da ke hannunka. A Najeriya sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba, kuma ba a hukunta shi kan abin da ba laifi ba ne a ranar da ya aikata. Don haka idan aka ce ka karya doka, kana da damar tambaya cikin ladabi: yallaɓai, wace doka, wane sashe? Idan tara ce, nawa aka rubuta, kuma ina rasit? Ba kullum tambayar ke fid da kai ba, mun sani, wani lokaci ma sai ta ƙara maka awa biyu a rana. Amma idan shugaban ƙungiyarku yana da kwafin takardar a jakarsa, magana takan canza. A Nijar ka san kwamitin filaye na garinku, wanda ake kira kofo, domin akwai kujerar makiyaya a cikinsa, kuma a nan ake rubuta burtali da mashaya su zama sanannu a hukumance.

Lokacin da ya fi dacewa a yi magana shi ne tun rubutun yana daftari. Idan kuka ji an sa ranar jin ra'ayin jama'a kan wani ƙuduri da ya shafi kiwo ko kasuwar iyaka, kada ƙungiyarku ta je da dogon jawabi kan wahalar da ake sha, kwamitin ya ji irinsa sau ɗari. Ku nemi kwafin ƙudurin tun da wuri, ku sami ɗanku mai karatu ko lauya ya karanta muku sashe bayan sashe, ku fara da sashen fassarar kalmomi da ranar fara aiki. Sannan ku kai takarda da ke cewa: a sashe kaza an ce kwana bakwai za a tsare dabba kafin a yi gwanjonta, muna so a mayar kwana kaza, a kuma fara ƙirga daga ranar da aka sanar da mai ita, ba ranar da aka kama ta ba, domin mai garke yana iya kasancewa tafiyar kwana uku daga gidan tsaron. Irin wannan gyara ma'aikacin da ke riƙe da alƙalami yana iya ɗauka ya saka a daren ranar. Ku ajiye kwafi guda mai hatimin karɓa, ku kuma turo mana ɗaya nan gidan rediyo mu karanta wa jama'a a shirin mako.